Yadda Ake Jinkirta Raunin Tsufa: Motsa Jiki, Azumi Da Ƙwayoyin Ƙarin Lafiya

Har yanzu ba a samo wani magani, na asibiti ko na gargajiya, da aka tabbatar yana hana ɗan Adam tsufa ba, kuma mutumin da takardu suka tabbatar ya fi kowa tsawon rai ita ce Jeanne Calment, 'yar Faransa da ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Ajali yana hannun Allah. Abin da mutum zai iya yi shi ne jinkirta raunin da tsufa ke tafe da shi, domin akwai tazara mai yawa tsakanin dattijon da ya kai shekara 75 yana zuwa kasuwa da ƙafarsa, yana tashi daga kan tabarma ba tare da an kama hannunsa ba, da kuma tsaransa wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun shekara goma da suka wuce.

Hanyoyi uku aka fi ambata idan ana wannan magana: shan ƙwayoyin ƙarin lafiya, azumi ko rage cin abinci, da motsa jiki. Masu talla sukan sa ƙwayoyi a gaba saboda su ne ake sayarwa, amma idan aka bi ƙarfin hujjar da bincike a kan mutane ya samar, motsa jiki ne ya kamata ya zo farko, azumi ya biyo baya, ƙwayoyi kuma su zo ƙarshe da nisa. A kan wannan jeri nake ba da shawarar a raba lokaci da kuɗi.

Fara da sanin halin da jikinka yake ciki

Kafin komai, a auna jini. Hawan jini yakan shekara da shekaru yana lalata zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da mutum ya ji ko ciwon kai ba, kuma shi ne babban abin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki. A zauna a huta na minti biyar kafin awo, a auna a ranaku daban-daban, kuma idan sakamakon yana kaiwa 140/90 ko sama, a ga likita. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina sha don ya ga awo ya sauko, saboda maganin ne ya saukar da shi. Haka nan a auna sukarin jini aƙalla sau ɗaya a shekara daga shekara 40, ko kafin haka idan akwai mai ciwon suga a dangi. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan lissafin ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi da yaji da burodi.

Akwai awo guda da ba ya buƙatar ko sisi. A sami zare a yanke shi daidai tsawon mutum daga ƙasa zuwa tsakar kai, a ninke shi gida biyu ya koma rabin tsawonsa, sannan a zagaya shi a ciki daidai ko ɗan sama da cibiya. Idan bakin zaren ya haɗu, ƙugun bai wuce rabin tsawo ba, kuma haka ake so. Idan ya ƙi haɗuwa, kitse ya taru a ciki, kuma irin wannan kitsen ne ya fi alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya, ko da sauran jikin bai yi ƙiba ba.

Mai shan taba kuma ya sani cewa babu wani azumi ko ƙwaya da za ta rama masa asarar da yake yi. Binciken da aka fara a kan likitocin Birtaniya a 1951, aka bi su har shekara hamsin, ya nuna cewa masu shan sigari suna mutuwa kimanin shekara goma kafin waɗanda ba sa sha, kuma wanda ya daina yana ɗan shekara 40 ya dawo da kusan tara daga cikinsu, wanda ya daina yana ɗan 60 ma ya dawo da kimanin uku.

Motsa jiki

A 1953 wani likita mai suna Jerry Morris ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas mai hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta suna aiki a mota ɗaya, awa ɗaya, a titi ɗaya, amma direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗin mota, sai aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi. Tun daga lokacin bincike ya yi ta maimaita wannan sakamako a ƙasashe da dama, har ya zama babu wata hanyar jinkirta rauni da ke da tarin hujja irin tasa.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, ya kuma ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Hanya mafi sauƙi ta cika wannan ita ce tafiya da sauri ta minti talatin, kwana biyar a mako. Ana gane saurin ya isa idan numfashi ya ɗan ƙaru, mutum yana iya magana da abokin tafiyarsa amma ba zai iya jan doguwar magana ba tare da tsayawa ya ja numfashi ba. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙara minti biyar duk mako, kuma babu laifi a raba tafiyar gida biyu ko uku a yini. A watannin zafi a yi ta bayan sallar asuba ko gab da magariba, a sha ruwa sosai, kuma a lokacin hunturu mai ciwon asma ya guji fita ranar da ƙura ta yi yawa.

Kada batun taku dubu goma ya karya wa kowa gwiwa, domin wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarun 1960. Wani bincike da aka wallafa a 2019 a kan tsofaffin mata sama da 16,000 a Amurka ya gano cewa masu yin taku kusan 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mutuwa, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500. Babbar riba tana wajen wanda ya tashi daga zama ya fara tafiya, ko da kaɗan ce.

Sashen da aka fi sakaci da shi shi ne ƙarfafa tsoka, kuma a ganina shi ne ya fi shafar yadda ƙarshen rayuwa zai kasance. Daga shekara 30 tsoka takan fara raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan shekara 60. Wannan ne ke sa tsoho ya kasa tashi daga tsugune, ya fara yin salla a zaune, ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu, kuma tsohon da ya karya ƙugu sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Abin farin ciki shi ne tsoka tana amsa horo har ƙarshen rayuwa. A 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta a Boston sun sa tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96, mazauna gidan kula da gajiyayyu, ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas, sai ƙarfin ƙafar tara da suka kammala ya ninka fiye da sau biyu da rabi.

Ba sai an je gidan motsa jiki ba. A sami kujera mai ƙarfi marar hannu, a jingina ta da bango don kada ta zame. A zauna a gabanta, tafin ƙafa a ƙasa daidai faɗin kafaɗa, a rungume hannuwa a ƙirji, a ɗan sunkuyo gaba, a miƙe tsaye sosai, sannan a koma zaune a hankali ana ƙirga uku, ba tare da an saki jiki ya faɗa kan kujerar ba. Komawa zaunen a hankali ita ce rabin aikin. A yi sau takwas zuwa goma sha biyu, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake yi sau biyu. Wanda bai iya tashi sai da dafa gwiwa ya fara da dafawar, ya riƙa rage ta. Idan sha biyu ta zama wasa, a rungume jarkar ruwa mai lita biyar, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ana iya ƙara ruwan sannu a hankali. Don hannu da ƙirji, a tsaya taku ɗaya daga bango, a dafa shi da tafin hannu biyu, a lanƙwasa gwiwar hannu har fuska ta kusanci bangon, a tura a dawo. Don baya da riƙo, a ɗauki jarka ɗaya a kowane hannu a zagaya tsakar gida, kafaɗa a miƙe. A bar kwana guda tsakanin ranakun atisaye, a riƙa fitar da numfashi lokacin yunƙuri, kada a riƙe shi, musamman ga mai hawan jini.

Duk wannan matar da ba ta cika fita ba za ta iya yin sa a tsakar gidanta, kuma mata sun fi buƙatarsa, saboda ƙashinsu yana saurin rauni bayan ɗaukewar al'ada. Manomi da mai dako da matar da ke daka da ɗebo ruwa kullum suna samun rabonsu daga aikinsu. Haɗarin yana zuwa musu ne ranar da 'ya'ya suka girma suka ce Baba ya huta, Inna ta zauna, a hana su ko ɗaukar buta. Niyyar kyakkyawa ce, amma zaman yana cinye ƙafa cikin 'yan watanni. A rage musu nauyin aiki, amma kada a raba su da motsi.

Wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako: ya tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango na daƙiƙa goma zuwa talatin, ya canza ƙafa, sannan ya yi tafiya a layi ɗaya yana ɗora diddige a gaban yatsun ɗaya ƙafar. Don ganin ko ana ci gaba, a ƙirga sau nawa ake iya tashi daga kujera cikin daƙiƙa talatin, a rubuta, a sake gwadawa bayan wata uku. Ga masu shekara 60 zuwa 64, ƙasa da sau 14 ga namiji ko 12 ga mace alama ce ta rauni. Idan aka ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, a tsaya nan take a nemi likita, kuma mai ciwon zuciya ya nemi shawara kafin ya fara.

Azumi da rage ci

Tushen wannan magana gwajin da Clive McCay ya wallafa ne a 1935 daga Jami'ar Cornell, inda ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an tauye musu sinadaran gina jiki ba, suka fi 'yan uwansu daɗewa. An maimaita gwajin a kan ƙananan halittu da yawa ya ba da sakamako iri ɗaya, amma da aka zo kan birai sai labari ya rabu. Gwajin Jami'ar Wisconsin ya nuna biran da aka rage wa kashi 30 cikin ɗari na abinci sun fi daɗewa, na Cibiyar Nazarin Tsufa ta Amurka da ya fito a 2012 kuwa bai ga bambanci a tsawon rai ba. Da aka duba, sai aka ga abincin biran Wisconsin cike yake da sukari, kuma waɗanda ake kwatantawa da su suna ci iya son ransu. Darasin da na ɗauka shi ne mafi yawan amfanin yana zuwa ne daga barin cin da ya wuce kima da barin abinci marar kyau, ba daga yunwar kanta ba.

A kan mutane, wani gwaji mai suna CALERIE da aka yi a Amurka ya nemi lafiyayyun baligai sama da 200 su rage kashi 25 cikin ɗari na abincinsu har shekara biyu, amma abin da suka iya ragewa bai wuce kusan kashi 12 ba, duk da haka awon hawan jininsu da kitsen jininsu da yadda jikinsu ke sarrafa sukari sun inganta. Tsarin da ya yi suna na ci cikin awa takwas a bar ciki awa goma sha shida kuwa, gwajin da aka yi a Guangzhou ta ƙasar Sin na tsawon shekara guda a kan mutum 139, wanda ya fito a 2022, bai nuna ya fi rage yawan abinci kawai ba. Ana yawan kafa hujja da kyautar Nobel da Yoshinori Ohsumi ya samu a 2016 saboda gano yadda ƙwayar halitta ke narkar da tarkacen da suka lalace a cikinta ta sake amfani da su, sai dai a kan yis ya yi aikinsa, kuma ba a tabbatar da wata awa takamaimai da wannan tsafta ke farawa a jikin mai azumi ba.

Saboda haka azumi hanya ce mai kyau ta rage ci ga wanda ta yi wa sauƙi. Mafi sauƙin farawa shi ne a bar ciki awa goma sha biyu da dare: a gama cin tuwon dare kafin ƙarfe takwas, kada a ƙara komai sai ruwa har ƙarfe takwas na safe. Wanda ya saba azumin Litinin da Alhamis ko na kwana uku a tsakiyar wata yana da tsari a hannunsa tuni, sai dai amfanin lafiyarsa yana ɓacewa ne a wajen buɗa-baki, inda ake jera kunu mai sukari, soyayyen dankali da doya, ƙosai, lemon kwalba, sannan tuwo, har mutum ya ci abin da ya fi na ranar da bai yi azumi ba. A buɗe baki da dabino da ruwa, a yi salla, sannan a ci abinci daidai, a ƙi koshin da ke hana numfashi, kamar yadda hadisi ya raba ciki uku: na abinci, na abin sha, na numfashi. A sha ruwa a hankali tsakanin magariba da sahur, kuma mai azumi don lafiya kawai, ba don ibada ba, babu dalilin da zai sa ya hana kansa ruwa.

Haɗarin rage ci shi ne tsoka tana tafiya tare da kitse, don haka kada a yi shi ba tare da atisayen ƙarfafa tsoka da isasshen furotin, wato sinadarin gina jiki, ba. Masana sun ba wa tsofaffi shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato giram 60 zuwa 72 ga mai kilo 60, alhali ƙwai ɗaya bai wuce giram 6 ba. A raba shi a kowane ci: wake, alale, awara, kifi, nono, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nama idan ya samu, tare da gero da dawa da ganye irin su zogale, rama da alayyahu. Tsohon da ya riga ya rame ƙarin abinci yake buƙata. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da sukari da ƙarfi, mai ciwon ƙoda, mai sikila, mai gyambon ciki, mai juna biyu da mai shayarwa, duk kada su shiga azumin neman lafiya sai da izinin likita.

Ƙwayoyin ƙarin lafiya

Tarihin wannan fanni ya isa ya sa mutum taka-tsantsan. A 1994 aka fitar da sakamakon gwaji a kan maza masu shan taba kimanin 29,000 a Finland, inda aka yi zaton ƙwayar beta-karotin za ta kare su daga sankarar huhu, sai cutar ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin masu shan ta. Gwajin bitamin E a kan maza kimanin 35,000 ya nuna a 2011 cewa sankarar mafitsara ta maza, wato ta furostet, ta ƙaru da kashi 17 cikin ɗari. Gwajin bitamin D da man kifi a kan Amurkawa kusan 26,000, wanda ya fito a 2018, bai nuna raguwar sankara ko manyan cututtukan zuciya gaba ɗaya ba. Ƙwayar bitamin mai haɗi da yawa ta ɗan rage sankara da kashi 8 cikin ɗari a wani gwaji a kan likitoci maza sama da 14,000, amma ba ta rage ciwon zuciya ba. Sinadarin resberatrol na fatar inabi ya yi tashen da ya sa kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris mai bincike a kan sinadarin a kan dala miliyan 720 a 2008, aka rufe Sirtris a 2013 ba tare da maganin tsufa ya fito ba. Rapamaisin ya tsawaita ran ɓeraye a gwajin 2009, amma magani ne mai danne garkuwar jiki da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, kuma lafiyayyen mutum bai kamata ya taɓa shi da kansa ba.

Ƙwaya tana da amfani ne idan akwai gurbin da za ta cike. Mai juna biyu tana buƙatar folik asid da sinadarin ƙarfe. Tsoho, da wanda ya daɗe yana shan metformin (maganin ciwon suga), da wanda ba ya samun nama ko ƙwai ko nono, suna iya rasa bitamin B12, abin da ke kawo kasala da mutuwar tafin ƙafa da mantuwa, kuma gwajin jini ne ke nuna shi. Wanda ba ya shiga rana ko ƙashinsa ya yi rauni likita zai iya rubuta masa bitamin D da kalsiyam. Maganin ƙarin jini kuwa kada a sha shi haka kawai, domin ƙarancin jini ga babban mutum yana iya zama alamar zubar jini a ciki da ke buƙatar bincike.

Kafin a sayi kowace ƙwaya ko garin magani, a tambayi mai sayarwa wane rashi za ta gyara, a kan mutane aka gwada ta ko a kan dabbobi, kuma tsawon wane lokaci. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, amma a sani cewa lambar rajista ba shaida ba ce cewa abin yana jinkirta tsufa. A guji duk abin da ba a rubuta sinadaran da ke cikinsa ba, da wanda aka ce yana maganin cuta goma a lokaci guda, da haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a kemis don ciwon jiki, saboda shan diklofenak ko ibuprofen kullum yana lalata ƙoda da ciki, deksametason da wasu ke sha don su yi ƙiba kuma yana haddasa hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Ranar zuwa asibiti a tattara duk abin da ake sha, na kemis da na gargajiya, a cikin kwalayensu a nuna wa likita, domin wasu suna rage ƙarfin maganin hawan jini da na suga, wasu kuma suna ƙara shi har ya wuce kima.